Sunan Arellia a Kan Tulu

Napoli, farkon Yuni, 1986

Ornella,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mutanenki masu nutso. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafar mahaifiyarki. Ƙafar Goggo Nunziata ta sake kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu. Likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta ce ba ta karɓar umarni daga yaron da ta girmi uwarsa. Ni nake hawa da sauka da kwanon abincinta, kamar yadda kika bar ni da ita tun shekarar da kika gano cewa teku ya fi mu daɗin zama.

Hotonki ya riga wasiƙarki isowa. Mai jaridar bakin layinmu ne ya tare ni da shi, yana kaɗa shi sama.

"Dokta, ga 'yar gidanku a shafin farko! Ke yaushe za a sa naki?"

Na ce masa ranar da aka fara buga hotunan masu aiki. Goggo ta yanke hoton ta jingina shi kusa da na waliyyi San Gennaro. Yanzu kyandir ɗaya ke haska ku biyu, kuma ni nake sayo kyandir ɗin.

Sai maganar da kika rubuto. Kin ce kun sami jirgin Rumawa kwance cikin laka a Cala Murta, cike da tulunan romon kifi daga Sifen, kuma lakar ta tsare rubutun tawadar da ke jikinsu. Kin ce ba ki iya karanta irin wannan cakuɗaɗɗen rubutun na 'yan kasuwa, amma kin gane suna ɗaya, domin shekara ashirin ina zana miki shi a kan kowace takardar goge baki da ta shigo hannuna: Arellia. Sai da na zauna a kan matakala kafin na iya ƙarasa layin.

Kin san matsayin matar nan a wurina. 'Yan tsingaron tulu ne da ba su cika kwalin takalmi ba, duk daga lungu ɗaya a garin Pozzuoli da ke kusa da mu, kowanne da guntun sunanta. Daga su na gina littafi guda: baiwa ce da aka 'yanta, ta zama mai fatauci, tana loda jirage da sunanta tun daga Sifen, a zamanin da manyan malamanmu suka rantse mace ba ta wuce madafi da masaƙa ba. An yi mini dariya a Roma, an ƙara a Pisa. Littafin yana hannun maɗaba'a, za a buga shi farkon shekara mai zuwa, kuma abin da ya rage masa kawai tulu ɗaya cikakke da zai toshe bakin kowa. To cikin dukan mutanen da ke tsoma ƙafa a Bahar Rum, sai ke ce za ki faɗa a kansa. Ke da kika ci jarrabawar Latin da amsoshina.

Kin ce in zo da sauri, domin tawadar tana dusashewa da zarar tulu ya bar laka ya ga haske. Na sani, ni na koya miki. Amma na kuma san al'adar sana'armu. Wanda ya tono shi ne mai abu. Babu mai ikon buga ko harafi ɗaya sai shi ya fara, sunansa a saman maƙala, wanda ya karanta rubutun kuma a tura shi rataye, can ƙarshe, da ƙananan haruffa, tsakanin mai zane da mai ƙirga ƙayar kifi. Na zauna a ratayen maza har na tsufa a can. Ba zan zauna a naki ba.

Sharaɗina ɗaya ne. Maƙalar rubutun tulunan ta fito da sunana a gaba, naki a baya. Ki rubuto mini haka da hannunki, in hau jirgi. Kada ki ce in kira ki a wayar shagon kofi na ƙauyenku. Ba zan yi cinikin mutuncina da ihu ba, masunta suna kasa kunne.

'Yar kawunki,
Ersilia

*

Cala Murta, Sardiniya, tsakiyar Yuni

Yaya Ersì,

Na ga wasiƙarki, na gode. Ina lafiya, sai dai rana ta ƙona ni har fatar hancina tana saɓulewa. Ki gaishe da Mama, ki ce mata ta bi maganar likita. Ki ɓoye gwangwanin kifin gishirin da ke bayan tukwanen fulawa a tagarta, na san da shi tun ina yarinya.

Na yi dariya a kan maganar Latin. Gaskiya ce, kuma kin faɗa wa duk wanda ya taɓa cin abinci a gidanmu, har da firist.

Maganar suna ba a hannuna kaɗai take ba. Takardar izinin tono da sunana ta fito, kuma akwai mutane a nan da suka shafe damina uku suna shaƙar iskar kwalba a ƙarƙashin ruwa. In na juya tsarin sunaye ba tare da na zauna da su ba, sai su ce na mai da jirgin gadon gidanmu. Ki ba ni lokaci in shawo kansu. Amma ke ki zo tukuna, don Allah. Mun ɗago kashi na farko, suna cikin tankunan ruwan daɗi a rumfar masunta, mun rufe su da baƙin ƙyalle. Duk da haka kowace safiya in na ɗaga ƙyallen sai in ga baƙin ya ƙara komawa ruwan toka. Hotunan da muka ɗauka ba su da amfani, jiƙaƙƙen tulu ƙyalli kawai yake mayar wa kyamara.

Dokta Brenneke na Jamus ya iso ranar Lahadi. Ban san wanda ya gaya masa ba. Kullum yana bakin tankunan, ya ce bai taɓa ganin rubutu mai kyau irin wannan ba. Mutumin kirki ne a teburin abinci, yana wanke kwanonsa da kansa.

Ki zo, Ersì. Akwai gado a ɗakina, kuma matar mai shagon kofi ta iya taliya da ƙaguwa.

Ƙanwarki,
Ornella

*

Napoli, ƙarshen Yuni

Ornella,

Ina gaishe ki. Mahaifiyarki ta ji sauƙi, kumburin ya sauka. Na ƙwace gwangwanin, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, na huta.

Brenneke. Kin rubuta sunan a ƙasan takarda, tsakanin hotuna da taliya, kamar kina ba ni labarin an yi yayyafi. Ottmar Brenneke, mutumin da ya tashi a gaban zaure cike da jama'a a Roma, da gajeren wandonsa da farar safa, ya kira Arellia "kyakkyawar tatsuniyar Dokta Cannavale". Kina wurin. Ke kika riƙe mini jaka lokacin da na fita waje don kada in jefe shi da kofin ruwa. Yau shi ne yake tsaye kullum a bakin tankinki, yana wanke kwanonsa da kansa. Madalla. A ba shi lambar yabo.

Ba ni da ƙuruciyar da za a yi mini wannan wasan. Na karanta wasiƙarki sau da yawa, na ga abin da take faɗa. Ni an ce in ba da lokaci, shi an ba shi ƙyalle ya ɗaga. Ta yaya ya san rubutun yana da kyau in ba a nuna masa ba? Kuma mutum irinsa ba ya kallon rubutu ya mance. A jirgin ƙasa na komawa gida zai rubuta maƙalarsa, ya cika ta da bayanan ƙasan shafi har su fi maƙalar tsawo, ya gode miki a layin farko, ni kuma ya ambace ni a lamba ta arba'in da wani abu: "a duba kuma Cannavale, da taka tsantsan."

Na gane lissafinki. Sunan Bajamushe kusa da naki zai kai ki Berlin da Landan. Sunan 'yar kawunki ba zai kai ki ko'ina ba sai ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin gidan tarihi, inda nake zaune da fitila ɗaya da warin danshi, ina wanke tsingaro da buroshin haƙori. Ba yau kika fara ba. Tun muna yara ni nake haƙa ramin a bakin teku har farcena ya karye, ke ki zo ki tsaya a ciki a ɗauke ki hoto.

Jiya shugaban sashenmu ya tsayar da ni a tsakar gida, yana murmushin nan nasa na wanda ya ci ya ƙoshi.

"Cannavale, ina taya ki murna! Ashe matar taki da gaske ta yi rayuwa. Yaushe za ki tafi wurin 'yar uwarki?"

Na ce aiki ya yi mini yawa.

"Wane aiki? Tsingaron nan sun jira shekara dubu biyu, za su jira ki har Satumba. Ki je mana, ko a rataye ne ai an ga sunanki."

Ko a rataye ne. Na haɗiye abin da ya zo bakina, domin ina son in yi ritaya da fansho.

To ki ji. In Brenneke ne zai karanta, ya karanta. Ba zan hau jirgin ruwa in kwana ina amai ba don in je in riƙe masa fitila. Ki gaya mini a fili: shi ko ni. Kalma ɗaya ta isa, ko a bayan katin hoto.

Ersilia

*

Napoli, ƙarshen Yuli

Ornella,

Gaisuwa, in har yanzu kina karɓar gaisuwa daga Napoli. Lafiyarmu ƙalau. Zafi ya hana mahaifiyarki sauka ƙasa, tana zaune a baranda da mafici tana yi wa masu wucewa shari'a.

Wata guda ke nan babu amsa. Na fahimta. Shirun ma amsa ce, kuma ta fi sauƙin rubutawa.

Kowace safiya Goggo tana leƙo kai daga sama lokacin da ɗan wasiƙa ya shigo.

"Akwai ta 'yata?"

"Babu, Goggo. 'Yarki tana da baƙi."

"Ke ce kika rubuta mata wata masifar. Na san ki. Tun kina cikin tsumma bakinki yake da kaifi, uwarki ma sai da ta yaye ki da wuri."

"Ni da nake dafa miki abinci?"

"Abinci ba gishiri! Wannan ai horo ne. Ki tafi wurin yarinyar nan ki taimake ta, kina nan kina kumbura kamar ƙafata."

Kin ga yadda ake saka mini. Ke kina can, kin fi kowa kirki. Ni ina nan, ni ce mai laifi.

Na kasa aiki. Na buɗe kwalin tsingarona na jera su a kan tebur, na ga yadda suke ƙanana. A da ina ganinsu kamar dukiya. Yanzu in na rufe ido tankunanki nake gani, tuluna cikakku tun daga baki har gindi, da kan wani mutum mai sanƙo sunkuye a kansu. Na tsani jirginki. Na tsani lakar da ta zaɓi ta tsare miki tawada, alhali ƙasar Pozzuoli ni guntaye kawai ta ba ni. Ke ba ki taɓa kwana da tunanin Arellia ba. Ba ki taɓa tsayawa a wancan lungun kina tambayar kanki ta wace ƙofa take fita ba. Kin nutsa kawai, kin sa hannu, kin ɗauko.

Na rubuta wa maɗaba'a cewa littafina zai fito yadda yake, ba tare da jirginki ba. In maƙalarku ta riga ni, sai duniya ta ce Bajamushe ne ya gano Arellia, 'yar goggona ta ba shi, ni kuma na yi ta hasashe a ɗakin ƙasa. Ina so ki san haka za a rubuta, kuma ke kika sa hannu.

Ersilia

*

Cala Murta, tsakiyar Agusta

Ersì,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Kada ki gaya mata abin da zan faɗa yanzu. Kunnena na hagu ya fashe a ƙarƙashin ruwa a farkon Yuli, aka kai ni asibiti a birni, ciwon ya kama ruwa, na daɗe a kwance. Wasiƙunki biyu suna ajiye a shagon kofi, bayan kwalaben giya, babu wanda ya yi tunanin kai mini. Jiya na karanta su a jere. Da kunne ɗaya nake ji yanzu, amma na ji ki sarai.

Brenneke bai karanta komai ba. Ranar da ya iso ya ga tulu ɗaya daga nesa, lokacin da ake sauke shi daga kwalekwale. Daga nan na sa aka ɗaure ƙyallen da igiya. Abin da nake nufi da yana bakin tankunan ke nan: yana zaune a kan akwati a ƙofar rumfa, da gilashin ƙara girma a aljihu, yana roƙona. Ya ce, "Malama, laifi ne ga ilimi. In ba ni ba, ko waye, amma wani ya karanta yau." Na ce masa rubutun yana da mai shi, tana hanya. Kowace safiya sai ya tambaye ni, "Tana hanya har yanzu?" Daga baya ya daina tambaya, ya haɗa kayansa. Da zai tafi ya ƙi ba ni hannu.

Yana da gaskiya, Ersì. Da na dawo daga asibiti na kwance igiyar. Babu komai. Kashi na farko duka sun koma tuluna kawai, jajaye, masu kyau, ba ko ɗigo. Na hana mutumin da ya iya karantawa, na jira wadda ba ta zo ba.

Akwai sauran kaɗan a can ƙasa, a gefen jirgin da ya fi nutsewa cikin laka. Na hana a taɓa su. Amma iskar arewa tana farawa a ƙarshen Satumba, kuma ɓarayin kayan tarihi sun riga sun san wurin. In muka tafi muka bar su, ba za su kai baɗi ba. Dole a ɗago su bana, kuma dole mai karatu ya kasance a cikin kwalekwalen, ya karanta suna fitowa daga ruwa.

Sunanki a gaba. Ban tambayi kowa ba, ba ni da sauran fuskar da zan tambaya. Ga shi da hannuna kamar yadda kika ce.

Ornella

*

Napoli, ƙarshen Agusta

Ornella,

Gaisuwa. Yaya kunnen? Ban gaya wa mahaifiyarki ba, amma ta dube ni ta ce, "Me ya sami 'yata?" Na ce rana ce ta ƙona ki.

Wace irin wauta ce wannan? Ki hana Brenneke? Mutumin jaki ne, amma jakin da ya iya karatu. Ke shugabar tono ce ko mai gadin alkawari? Da ni ce a wurinki da na ba shi ƙyallen tun mako na biyu, in bar 'yar kawuna ta mutu da haushi a Napoli. Ko a wannan ma sai da kika fi ni, kika bar ni ba ni da wanda zan zaga.

Na sami matar maƙwabta za ta kula da Goggo. Zan hau jirgin ranar Juma'a. Ki tanadi bokiti a kwalekwalen, ba don tulu ba, don ni. Ki sa a yi mini rumfa da baƙin ƙyalle, kuma kada kowa ya yi mini magana ina karatu, har ke.

Ersilia

*

Napoli, ƙarshen Oktoba

Ornella,

Ina gaishe ki da kyau. Ina fata kunnen ya daina zuba. Mahaifiyarki lafiya, ta cinye cukun da kika aiko mata a zama biyu, gishiri da komai, ta ce in gaya wa likita ya kai ƙara.

Katunanki uku sun iso, duk tambaya ɗaya: me na karanta? Na san na bar ki cikin duhu. Na sauka daga kwalekwalen ban ce uffan ba, na hau jirgin washegari, kika tsaya a bakin gaɓa da auduga a kunne kina kallona. Ga amsar.

Kin tuna tulun farko. Masu nutso suka miƙo shi, laka tana zuba, na durƙusa ƙarƙashin ƙyallen da soso a hannu, bokiti a gefena. Tsohon nan mai tuƙi, Bachisio, ya ce, "Dokta, ki yi aman a hagu, tarihin yana dama." Na share lakar a hankali. Ornella, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Baƙi wuluk, kamar jiya aka ɗaga alƙalami. Har inda tawada ta yi wa marubucin yawa ta ɗiga, yana nan.

A gaban tulu, ƙarƙashin wuya, nan ake rubuta abin da ke ciki da sunan mai fataucin da ya loda shi. Nan na sa ido ina jiran sunanta. Abin da na gani shi ne: romon kifi, mai daraja ta ɗaya, na Pontius Zosimus. Na ce a raina wataƙila abokin cinikinta ne. Na juya tulun. Can a bayan hannu, a kafaɗa, da wani rubutun daban mai gaggawa, ga Arellia.

Na biyu, Zosimus a gaba, Arellia a baya. Na uku, Zosimus a gaba, a baya wani Hilarus. Na huɗu, Zosimus, a baya wani sunan kuma. Haka har na ƙarshe. Suna ɗaya a gaba, sunaye iri iri a baya. Mai kaya ɗaya ne, sauran masu saye ne, an rubuta wa kowa nasa don kada a ruɗe wurin saukewa.

Kafaɗar tulu lanƙwasarta ɗaya ce ko ta ina. In ta fashe, ba ki da hanyar sanin guntun daga gaba ya fito ko daga baya. Ni na zaɓa masa gaba. Kuma tsingarona duk daga lungu ɗaya suka fito, abin da na kira harabar kamfaninta. Juji ne, Ornella. Jujin bayan gidan abinci. Matar ba ta da jirgi, ba ta da wurin sarrafa kifi a Sifen. Tana sayen tulu biyu ko uku a shekara ta zuba wa matuƙan jirgi a kan wake. Shekara ashirin ina faɗa da malaman Turai a kan mai tuwo-tuwo.

Kin tambaye ni a lokacin, "Ersì, sunan yana nan?" Na ce, "Yana nan." Kika rungume Bachisio don murna. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙara komai ba, kuma ina kallon baƙin yana fara dusashewa tun muna kan ruwa.

To ga abin da na zauna da shi wata guda da rabi. Tawadar ta tafi. Hotunan ƙyalli ne. Babu wanda ya karanta sai ni, kuma ba wanda zai sake karantawa har abada. Da na rubuta cewa sunanta a gaba yake, wa zai ce a'a? Ke ba za ki iya ba. Brenneke yana can yana cizon yatsa. Littafina ya fito da jirgi guda a bayansa, a kira ni Berlin, mai jarida ya kaɗa hotona a bakin layi. Na rubuta wannan maƙalar, kada ki ɗauka ban rubuta ba. Ta yi kyau ƙwarai, ta fi duk abin da na taɓa rubutawa. Na karanta ta sau biyu, na kunna murhu da ita na dafa wa mahaifiyarki kofi.

Kada ki yaba mini. Ba tsarkin zuciya ba ne. Na kasa jure tunanin cewa jirginki na gaskiya ne, littafina na ƙarya, kuma ni kaɗai zan sani, in riƙa kallonki a teburin Kirsimeti ina sani.

Ranar Litinin na je maɗaba'a na karɓo littafina. Editan ya biyo ni har matakala.

"Dokta, gyara ne? Babi nawa?"

Na ce, "Matar ce gaba ɗaya."

Kada kuma ki rubuto mini cewa mai gidan abinci ma mutum ce, ta cancanci littafi. Na sani. Wataƙila wata rana, in na daina jin haushinta. Yanzu ko sunanta ba na son gani.

Ga maƙalar gaskiya a cikin ambulan ɗin nan. Shafi tara ce. Jirginki zai ƙara suna da ita, domin ba a taɓa samun kayan ɗan kasuwa ɗaya da sunayen masu sayensa a jere haka ba. Za a gayyace ki ko'ina, ki sayi riga mai kyau. A shafi na shida na rushe ra'ayin Cannavale, na yi shi da kyau, ban bar wa Brenneke ko ƙashi ba. Ki aika masa kwafi, ki ce daga ni.

Na san halinki. Za ki karanta, ki yi kuka, ki ce bari ki sa sunanki a gaba ki rufa mini asiri, a ce ke kika kashe Arellia ba ni ba. Kada ki kuskura. Na yi ciniki a kan wannan wurin, an yi asarar rabin jirgi a kansa. Cannavale a gaba, da manyan haruffa.

'Yar kawunki,
Ersilia